Cocin ƙauyen Berwick: Yadda zanen zamani ya zama kayan tarihi

A kudu maso gabashin Ingila, a gindin tuddan South Downs, akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Berwick, wanda mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Duk da ƙanƙantarsa, baƙi daga ciki da wajen Birtaniya kan yi takakkiya zuwa ƙauyen domin su ga cocinsa.

Ginin cocin ya samo asali ne tun ƙarni na 12, kuma an yi masa gagarumin gyara a tsakiyar ƙarni na 19. To amma irinsa suna da yawa a karkarar Ingila. Abin da ya fito da shi daban shi ne zane-zanen da suka lulluɓe bangayensa daga ciki, waɗanda aka yi tsakanin 1941 da 1944, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke kan ganiyarsa.

Mutum uku ne suka yi aikin: Duncan Grant, da Vanessa Bell, da ɗanta Quentin Bell. A lokacin da aka ba su aikin sai da maganar ta kai gaban kotu. A yau kuwa cocin na cikin rukunin farko na gine-ginen da dokar Ingila ta ba kariya, kuma an kashe maƙudan kuɗi domin kada zanen ya lalace.

Tarihin wannan coci ya ƙunshi wata tambaya da masana kayan tarihi suka daɗe suna muhawara a kanta: mene ne ke sa abin da bai kai shekara 100 ba ya cancanci a adana shi kamar abin da ya shekara 800?

Bangon da aka shafe

Ga wanda ya saba da masallaci, inda ba a sanya siffar mutum ko ta dabba, sai dai ƙawataccen rubutu da zayyana, hotunan mutane a wurin ibada abu ne baƙo. Su ma Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan batun ba.

Wajen shekara ta 600 Paparoma Gregory na Ɗaya ya kare amfani da hotuna a coci, bisa hujjar cewa hoto yana yi wa wanda bai iya karatu ba aikin da rubutu ke yi wa mai karatu. A Daular Rumawa ta Gabas kuwa an yi fiye da shekara 100, daga wajen 726 zuwa 843, ana kai ruwa rana tsakanin masu farfasa hotuna da masu kare su.

A zamanin da, yawancin coci-cocin Ingila cike suke da zane a bango. A yankin Sussex, inda Berwick yake, har yanzu akwai zanen da aka yi wajen shekara ta 1100 a ƙauyukan Hardham da Clayton, waɗanda aka gano a ƙarƙashin shafe a ƙarni na 19.

Al'amarin ya sauya bayan da Ingila ta ɓalle daga ƙarƙashin Paparoma. A 1547, zamanin Sarki Edward na Shida, an ba da umarnin kawar da hotuna da gumaka daga coci-coci. Aka bi bangaye da farar ƙasa, a wurare da dama aka rubuta ayoyin Littafi Mai Tsarki a madadin hotunan. A shekarun 1640, lokacin yaƙin basasar ƙasar, aka sake bi ta kan abin da ya yi saura.

Saboda haka mutanen karkarar Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna ibada a tsakanin fararen bangaye. Ko da aka fara dawo da ado a ƙarni na 19, an fi mayar da hankali ne ga tagogi masu gilasai kala-kala.

Bishop da masu zanen da ba sa zuwa coci

Mutumin da ya ƙudurta farfaɗo da zanen bango shi ne George Bell, wanda ya riƙe muƙamin Bishop na Chichester daga 1929 zuwa 1958. An fi saninsa da taimaka wa 'yan gudun hijirar da suka tsere daga mulkin Hitler, da kuma jawabin da ya yi a Majalisar Dattijan Birtaniya a watan Fabrairun 1944, inda ya soki ruwan bama-baman da ƙasarsa ke yi a kan biranen Jamus.

Bishop Bell yana ganin coci ta yi sake har ta rabu da manyan masu fasahar zamaninta. Yaƙin ya ƙara wa wannan ra'ayi nasa ƙarfi. A watan Nuwamban 1940 jiragen Jamus suka ƙona babban cocin birnin Coventry, kuma a fili yake cewa bayan yaƙi za a sake gina ɗimbin coci-coci. Bugu da ƙari, bam ko da bai faɗa kan gini ba, ƙarfin fashewarsa kan tarwatsa gilasan tagogi. Bishop ɗin yana son ya nuna misalin abin da za a iya yi da bango, sai aka zaɓi Berwick a matsayin wurin gwaji.

Wani masanin fasahar gine-gine, Farfesa Charles Reilly, shi ne ya ba da sunan Duncan Grant, wanda ke zaune a wani gidan gona mai suna Charleston, 'yan kilomitoci daga ƙauyen. Grant da Vanessa Bell sun tare a gidan ne tun 1916, lokacin da Grant ya ƙi shiga soja a Yaƙin Duniya na Farko saboda aƙidarsa ta ƙin yaƙi, ya zaɓi yin aikin gona a madadin haka.

Su biyun jiga-jigai ne a rukunin marubuta da masu zanen da ake kira Bloomsbury, sunan wata unguwa a Landan. Ba a san su da zuwa coci ba. Mahaifin Vanessa, Leslie Stephen, ya yi suna wajen rubuce-rubucen nuna shakku a kan addini, kuma irin zaman da ake yi a Charleston ya saɓa wa tsarin aure da iyali da mutanen karkara suka sani. Sunan Bell da Vanessa ke amsawa na mijinta ne, babu wata dangantaka tsakaninsu da Bishop ɗin.

Vanessa ta karɓi aikin ne tana cikin juyayi. A 1937 aka kashe babban ɗanta, Julian, yana tuƙa motar ɗaukar majinyata a yaƙin basasar Spaniya. A watan Maris na 1941 kuma ƙanwarta, shahararriyar marubuciyar nan Virginia Woolf, ta hallaka kanta a wani kogi da ke kusa.

Ƙara a gaban kotu

A Cocin Ingila, limami ba shi da ikon sauya fasalin ginin coci yadda ya ga dama. Dole sai an nemi izini daga kotun coci ta yankin, kuma kowane ɗan cocin yana da damar ya ƙalubalanci shirin.

Haka kuwa aka yi a Berwick. Wata mata daga cikin 'yan cocin ta shigar da ƙorafi, lamarin da ya sa kotun ta yi zama a watan Oktoban 1941. Shirin ya sami goyon bayan manyan masana, ciki har da Kenneth Clark, shugaban babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Daga ƙarshe kotun ta ba da izini.

An yi zanen ne a wani rumbun gona da ke Charleston, aka ɗauko shi aka kafa a cocin. A watan Oktoban 1943 Bishop Bell ya jagoranci addu'ar ƙaddamar da shi, sannan aka ƙara wasu sassa a 1944. A wannan shekarar ce wani bam da ya faɗi a kusa ya farfasa wasu daga cikin tagogin cocin. Aka maye gurbinsu da farin gilashi, wanda ke shigo da haske a kan zanen, ya kuma bar mai ibada ya hango gonaki da tuddan da ke waje.

Fuskokin mutanen gari

Labaran da aka zana sanannu ne a addinin Kirista. Vanessa Bell ta zana busharar da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryam, da kuma haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu. Duncan Grant ya zana shi a kan gicciye da kuma cikin ɗaukaka, kamar yadda Kiristoci suka yi imani, wanda a nan aƙidarsu ta sha bamban da ta Musulmi. Quentin Bell ya zana misalin 'yan mata goma masu fitilu da ke cikin Linjila.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda aka ɗauko waɗannan labarai daga Falasɗinu aka dasa su a karkarar Sussex. A hoton haihuwa, rumbun da ake gani irin na manoman yankin ne, tudun da ke bayansa kuma shi ne Caburn, wanda kowa a yankin ya sani. Akwai ɗan rago na irin tumakin da ake kiwo a tuddan, da kwandon katako irin wanda Sussex ta yi suna da shi. Makiyayan da ke cikin hoton makiyayan yankin ne na gaske, yaran kuma 'ya'yan maƙwabta ne, cikin tufafinsu na yau da kullum. Angelica, 'yar Vanessa, ita ce ta zauna aka zana a matsayin Maryam, kuma lambun da ake hange a hoton bushara lambun Charleston ne.

A babban hoton da ke saman bakan ginin, wanda ke fuskantar masu ibada, Grant ya sanya mutum biyar a ƙasa. A gefe guda akwai Bishop Bell da limamin ƙauyen na lokacin. A ɗaya gefen kuma samari uku ne na yankin a durƙushe, cikin kakinsu: sojan ruwa, da sojan sama, da sojan ƙasa.

Sojan ƙasan bai dawo gida ba. An kashe shi a 1944 a kusa da birnin Caen na ƙasar Faransa, bayan da dakarun ƙawance suka sauka a Normandy. Tun daga nan hoton ya zama abin tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, alhali ba da wannan niyya aka yi shi ba.

Raunin da ke cikin aikin

Sau da yawa akan kira irin wannan aiki da sunan da Italiyawa suka ba zanen ɗanyen shafe, wato fresko. A wannan fasaha, mai zane kan shafa launin da aka dama da ruwa a kan filastar farar ƙasa tun tana ɗanya. Yayin da filastar ke bushewa sai ta haɗu da iskar da ke kewaye ta ƙanƙare, ta riƙe launin a jikinta, har ya zama wani ɓangare na bangon. Dole mai zane ya gama kowane yanki kafin ya bushe, kuma kuskure ba ya gyaruwa sai an kankare. Da wannan hanya Michelangelo ya zana rufin majami'ar Sistine da ke Fadar Vatican tsakanin 1508 da 1512.

Ba haka aka yi a Berwick ba. An yi zanen ne da fenti a kan allunan filasta irin waɗanda magina ke amfani da su, sannan aka manna su a bango. Hakan ya sauƙaƙa aikin a lokacin da kaya suka yi ƙaranci, amma ya bar wa na baya matsala. Tsohon ginin dutse a ƙasa mai yawan ruwan sama ba ya rabuwa da danshi. Idan aka kunna abin ɗumama ɗaki ranar Lahadi, aka kashe shi sauran kwanakin mako, allo da fentin da ke kansa kan riƙa buɗewa suna tsukewa, kowanne da nasa gwargwado. Sannu a hankali fentin ya fara tsagewa yana ɓarewa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga yanayi ba. A 1962, shekara guda bayan rasuwar Vanessa Bell, wani ya lalata hotunan da ta zana a jikin mumbarin cocin. Duncan Grant ya sake zana wurin, amma da furanni da 'ya'yan itatuwa.

Daraja mai hawa da sauka

A shekarun 1950 da 1960 tauraron masu zanen Bloomsbury ya dushe, aka riƙa yi wa aikinsu kallon tsohon yayi. Wani zanen bango da Grant ya kammala a babban cocin birnin Lincoln a 1959 bai sami karɓuwa ba, har aka rufe ɗakin da yake ciki aka mayar da shi wurin ajiye kaya, kuma sai wajen 1990 aka sake buɗe shi ga jama'a.

A Faransa ma an yi irin wannan takaddama. A 1950 aka ƙaddamar da cocin Assy da ke tsaunukan Alps, wanda manyan masu fasaha irin su Léger da Matisse da Chagall suka ƙawata, cikinsu har da 'yan gurguzu da Yahudawa. Wani limamin Katolika, Marie-Alain Couturier, shi ne ya tsaya musu, bisa ra'ayinsa cewa gara a ba gwani aiki ko da ba shi da imani, da a ba mai imanin da ba shi da gwaninta. A 1951 matsin lamba ya sa aka cire gicciyen da Germaine Richier ta ƙera, kuma ya ɗauki shekaru kusan ashirin kafin a mayar da shi. A 2004 gwamnatin Faransa ta sanya cocin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

A Ingila, sha'awar Bloomsbury ta dawo ne daga ƙarshen shekarun 1960, ta kuma ƙaru bayan da Quentin Bell ya wallafa tarihin rayuwar Virginia Woolf a 1972. Duncan Grant ya rasu a 1978, aka kafa gidauniyar ceto gidan Charleston a 1980, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1986. Da yawa daga cikin masu zuwa Charleston kan zarce zuwa Berwick.

Wannan ya nuna cewa lokacin da ya fi haɗari ga aikin fasaha shi ne sa'ad da ya daina zama sabo, bai kuma kai ga zama tsoho ba. A wannan tsakanin ne akan shafe shi da fenti, ko a rushe shi, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Da me ake auna daraja?

Masana ba su ce zanen Berwick shi ne mafi kyawun abin da Grant ko Vanessa Bell suka yi ba. Akwai masu ganin ya cika taushi, ba shi da ƙarfin ayyukan da suka yi a ƙuruciyarsu. To amma hukumomin adana kayan tarihi ba kyau kaɗai suke dubawa ba.

Suna duba ƙarancin abu: coci-cocin karkarar Ingila da sanannun masu zane na ƙarni na 20 suka ƙawata gaba ɗaya ba su da yawa. Suna duba ko abin yana nan a wurin da aka yi shi dominsa, domin hoton da aka cire aka kai gidan tarihi a Landan ya rabu da tudun Caburn da gonakin da ake hange ta taga. Suna duba shaidar da yake bayarwa a kan zamaninsa, kuma a nan zanen ya adana fuskoki da tufafi da kayan aikin wata al'ummar makiyaya da manoma wadda injuna suka sauya bayan yaƙi. Sannan suna duba matsayinsa a zukatan jama'a, musamman zuriyar waɗanda aka zana.

Dokar sanya gine-gine cikin jerin kariya ta samo asali ne daga dokokin tsara birane na 1944 da 1947, wato ita ma yaƙin ne ya haife ta. Rukunin farko, wanda Berwick ke ciki, bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na gine-ginen da ke jerin ba, kuma kusan rabin gine-ginen wannan rukuni coci-coci ne.

Wa zai ɗauki nauyi?

Sanya gini cikin jerin kariya ba ya zuwa da kuɗin gyara. A Faransa, dokar 1905 ta bar mallakar yawancin tsofaffin coci-coci a hannun ƙananan hukumomi, don haka su ne ke da alhakin gyaransu. A Ingila kuwa nauyin yana wuyan 'yan cocin kowace unguwa ko ƙauye. Cocin Ingila na da gine-gine kimanin 16,000, kuma fiye da 12,000 daga cikinsu suna cikin jerin kariya.

Masu ɗaukar wannan nauyi kuma sai raguwa suke yi. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka bayyana kansu a matsayin Kiristoci, karon farko da adadin ya gaza rabi. A ƙauyuka da dama, tsirarun tsofaffi ne ke riƙe da ginin da gyaran rufinsa kaɗai ya fi ƙarfin aljihunsu.

Idan babu kuɗin ɗauko ƙwararru, akan faɗa hannun masu kyakkyawar niyya marasa horo. A 2012 wata dattijuwa a garin Borja na ƙasar Spaniya ta yi ƙoƙarin gyara wani zanen bangon coci da aka yi wajen 1930, amma garin neman gira aka rasa ido: fuskar ta jirkice har ta zama abin dariya a duniya. Garin ya sami 'yan yawon buɗe ido sanadiyyar haka, sai dai ainihin zanen ya tafi.

Berwick ya tsira daga irin wannan. Bayan shekaru ana neman gudummawa, cocin ya sami tallafi daga asusun kayan tarihi da ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa ta Birtaniya, da kuma wasu masu ba da taimako. A aikin da aka fara wajen 2019, ƙwararru sun bi zanen daki-daki suna manne fentin da ya ɗaga suna goge dauɗa, aka kuma sauya tsarin ɗumama ginin domin zafi da danshi su daina hawa da sauka.

Tallafi irin wannan kan zo da sharaɗin buɗe ƙofa ga kowa, mai ibada da mai kallo. Hakan ya sa masu kula da wuraren ibada masu tarihi ke fama da neman daidaito tsakanin bukatun baƙin da ke kawo kuɗi da na mutanen da aka gina wurin dominsu.

A Berwick har yanzu ana gudanar da ibada a cocin. Masu zanen uku duk sun rasu, na ƙarshensu Quentin Bell a 1996. Yaran da aka zana a gefen makiyaya, waɗanda suka rage a cikinsu sun tsufa. Samarin nan uku kuwa suna nan a durƙushe cikin kakinsu a saman bakan ginin, inda aka kafa su a 1943.